Darasin Kimiyya: Taurin Ƙarin Mama da Yadda Yake Tare wa Magani Hanya

Likitan da ya saba duba mata masu kukan kullutu a mama, abu na farko da yatsunsa suke nema shi ne tauri. Kullutu mai santsi, wanda ke zillewa ƙarƙashin yatsa, mai iyaka a bayyane, sau da yawa ba sankara ba ne, musamman ga budurwa. Wanda ya kafe wuri ɗaya, ya yi tauri, ba a gane inda ya fara da inda ya ƙare, shi ne mai tayar da hankali. Wani lokaci har yakan janyo fatar da ke samansa ta lotsa, ko kan maman ya shige ciki. Yatsa dai ba ya yanke hukunci, sai an gutsuri naman an kai ɗakin gwaji. Amma tambayar darasinmu na yau daga nan ta taso: me ya kawo wannan taurin, kuma me ya haɗa shi da ƙin jin magani?

Idan aka ware ƙwayar sankara guda ɗaya aka auna ta, galibi ta fi lafiyayyar ƙwayar halitta laushi. Ke nan taurin ba daga gare ta yake ba. Daga abin da jiki ya gina a kewayenta ne, wani tarin zare irin na tabon rauni, wanda likitoci ke kira faiburosis. Mu a nan tabo za mu riƙa ce masa. An daɗe ana ɗaukarsa abin da ya biyo bayan cuta kawai. Yanzu an gane shi ma yana cikin cutar, yana mara mata baya, kuma yana cikin dalilan da ke sa magani mai ƙarfi ya shiga jiki, ya galabaita mai jinya, amma ya kasa isa inda aka aike shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3, kimanin 670,000 kuma sun rasu a dalilinta. Duk abin da zai sa maganin da muke da shi ya ƙara aiki ya cancanci a zauna a kansa.

Abin da ke cikin ƙarin

Mama ya ƙunshi 'yan jakunkunan da ke haɗa nono, da hanyoyin da ke kai nonon zuwa kan mama, da kitse, da kuma naman da ke riƙe da su gaba ɗaya. Mafi yawan sankarar mama tana farawa ne daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hanyoyin nono. Akwai wani siririn tantani da ya raba waɗannan ƙwayoyin da naman waje. Muddin ƙwayoyin da suka lalace ba su keta shi ba, cutar a killace take. Da zarar sun keta, sai su haɗu da naman da ke riƙe da mama, a nan ne labarinmu yake.

Ku riƙe sunaye uku. Na farko faiburobilas, ƙwayoyin halitta ne da aikinsu gina wannan naman da gyara shi. Na biyu kolajin, zaren furotin da suke saƙawa, wanda ya fi kowane furotin yawa a jikin ɗan Adam, shi ne a fata da ƙashi da igiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi. Na uku hayaluronan, doguwar sarƙar sukari ce mai zuƙar ruwa ta kumbura. Kolajin yana jure ja, hayaluronan yana jure danna.

Idan mai binciken nama ya ɗora yankin ƙarin mama a ƙarƙashin madubin likita, sau da yawa zai ga ƙwayoyin sankara tsibiri-tsibiri ne a tsakiyar wannan zaren. A wasu matan zaren ya fi rabin ƙarin. Masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan sun ba da rahoto a 2011 cewa matan da tabo ya mamaye fiye da rabin ƙarinsu sun fi fuskantar dawowar cutar, kuma bambancin ya fi fitowa fili a wani nau'i mai wuyar magani da za mu zo kansa.

Yadda tabon yake samuwa

Ku tuna abin da ke faruwa idan mutum ya yanke. Jini ya daskare ya toshe bakin raunin, ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su share wurin, faiburobilas su farka su zuba kolajin, su janyo gefunan raunin su haɗe. Idan aiki ya kammala sai su lafa, da yawansu ma su mutu, a bar ɗan tabo. A 1986 wani likitan binciken nama a Boston ta Amurka, Harold Dvorak, ya nuna cewa ƙarin sankara yana tayar da waɗannan matakan duka, sai dai ba ya barin a kai mataki na ƙarshe. A wurin jiki, ƙarin rauni ne da ya ƙi warkewa, don haka yake ta zuba masa zare ba tsayawa.

Babban mai ba da umarnin shi ne wani sinadarin saƙo da ake kira TGF-beta. Ƙwayoyin sankara suna fitar da shi, ƙwayoyin garkuwar da suka taru a wurin su ma haka. Idan ya isa ga faiburobilas sai ta sauya hali: ta ninka kolajin da take saƙawa, ta kuma sami ƙarfin tsukewa irin na tsoka. Wannan tsukewar ce ke janyo fata ta lotsa, ta ja kan mama ciki. Sannan akwai wani enzayim mai suna LOX, wanda ba ya aiki sai da ɗan sinadarin jan ƙarfe, aikinsa ɗaure zaren kolajin da ɗan'uwansa. Yawan kolajin abu ɗaya ne, ɗaurewarsa kuma abu ne daban, kuma ɗaurewar ce ta fi kawo tauri.

Valerie Weaver da abokan aikinta sun auna wannan a 2005 a jikin ɓeraye, suka sami ƙarin mama ya ninka lafiyayyen mama tauri fiye da sau 20. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, sun shuka lafiyayyun ƙwayoyin mama a kan shimfiɗa mai laushi da kuma mai tauri. A kan mai laushi ƙwayoyin suka jeru suka yi 'yar jaka kamar yadda suke yi a jiki. A kan mai tauri tsarin ya wargaje, suka fara halin ƙwayoyin sankara. Ƙwayar halitta tana jin abin da take zaune a kai, ta wasu furotin da ke jikin fatarta masu suna intagirin, waɗanda suke kama zaren waje su kai labari har cikin cibiyarta. A 2009 ƙungiyar ta nuna cewa hana LOX aiki a ɓeraye yana rage taurin kuma yana jinkirta cutar. Ga kuma wani abu: tauri da jan da faiburobilas ke yi suna sako TGF-beta da ke ajiye a cikin zaren, shi kuma ya ƙara tayar da faiburobilas. Haka abin yake ta ciyar da kansa.

Yadda zaren ya kwanta ma yana da magana. A Jami'ar Wisconsin, Patricia Keely da Paolo Provenzano sun lura a 2006 cewa a lafiyayyen mama zaren kolajin a lanƙwashe yake. Idan ƙari ya girma sai zaren ya miƙe ya kewaye shi. A wuraren da cutar ke ɓallewa kuwa, zaren yakan juya ya miƙe daga bakin ƙarin ya nufi waje, ƙwayoyin sankara su bi ta kansa su fita. Daga baya aka duba naman mata aka ga masu wannan tsarin na ƙarshe sun fi gajeren kwana bayan gano cutar.

Kada ku haɗa wannan da abin da ake kira cunkoson mama a hoton mamogiram. Wasu matan halittarsu ce mamansu ya fi zare da ƙwayoyin nono yawa a kan kitse, kuma wannan ba cuta ba ce. Sai dai binciken Norman Boyd a Kanada a 2007 ya nuna matan da cunkoson ya kai kashi 75 cikin 100 sun fi waɗanda nasu bai kai kashi 10 ba haɗarin kamuwa kusan ninki biyar, kuma cunkoson yana ɓoye ƙaramin ƙari a hoto.

Tafiyar magani daga jijiya zuwa ƙwayar sankara

Nan ne zuciyar darasin, sai ku natsu. Mu bi maganin kemo tun daga lokacin da aka ɗaura wa mai jinya ruwa. Ya shiga jijiyar hannu, zuciya ta harba shi ko'ina a jiki. Kafin ya yi amfani sai jini ya kai shi cikin ƙarin, ya fita ta bangon jijiyar jini, ya ratsa naman da ke tsakanin jijiyar da ƙwayar sankara, sannan ƙwayar ta karɓe shi ta mutu. Tabo yana da hannu a kowane mataki.

Mu fara da jini. Ƙwayoyin sankara suna ta hayayyafa a wurin da ba sarari, hayaluronan yana zuƙar ruwa yana kumbura, zaren kolajin ya ɗaure komai ya hana shi buɗewa. Sai matsi ya taru a ciki. Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan shi ne Rakesh Jain, injiniyan sinadarai ne tun asali, yana aiki a Asibitin Massachusetts General da Jami'ar Harvard. A 2012 shi da Triantafyllos Stylianopoulos suka yi wani gwaji mai sauƙin ganewa: a ciro ƙari, a tsaga shi da wuƙa ba tare da an raba shi biyu ba. Sai bakin tsagar ya wage da kansa, alamar akwai matsin da ke tare a ciki yana neman mafita. Jijiyoyin jinin cikin ƙari kuwa ƙanana ne masu siririn bango. Abin da ke samunsu shi ne abin da ke samun tiyon ban ruwa idan aka ɗora masa dutse: famfo yana aiki, ruwa yana nan, amma kwamin da ke gaba a bushe yake. Akwai sassan ƙarin da jini ba ya kaiwa sam, magani kuma bai da wata mota sai jini.

Rashin jini yana jawo rashin iskar oksijin, wannan kuma matsala ce mai zaman kanta. Oksijin ba ya wuce kimanin maikuromita 100 zuwa 200 daga jijiyar da ta kawo shi, wato bai wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Ƙwayoyin da suka rasa shi sukan rage saurin rabuwa, alhali yawancin magungunan kemo ƙwaya mai rabuwa suke kamawa. Gashin ƙari da haske ma yana buƙatar oksijin kafin ya lalata ƙwayar da kyau, ƙwayar da ba ta da shi takan buƙaci kusan ninki uku na hasken kafin ta mutu. Ƙarancin oksijin kuma yana ƙara tayar da LOX da saƙar kolajin, ga shi an sake komawa inda aka fito.

Mataki na biyu, fita daga jijiya. A lafiyayyen nama, matsin da ke cikin jijiya ya fi na waje, don haka ruwa yana tsatsowa waje ɗauke da abin da ke cikinsa, hanyoyin limfa kuma, waɗanda ke kai ruwan jiki ga kaluluwar hammata, su kwashe rarar. A cikin ƙari jijiyoyin jini suna yoyo fiye da kima, hanyoyin limfa kuma matsi ya rufe su. Ruwa ya taru ba mafita, har matsinsa ya kusan kai na cikin jijiya. Idan matsin ciki da na waje suka yi daidai, ba sauran kwarara. Abin da ya rage wa magani shi ne ya bazu da kansa a hankali, daga inda yake da yawa zuwa inda yake kaɗan. A gefen ƙarin ma ruwan waje yake tsiyaya, yana wanke maganin da ke ƙoƙarin shiga.

A mataki na uku girman maganin ne ke magana. Doxorubicin, jan maganin nan da mata da yawa suka sani a ɗakin kemo, ƙarami ne ƙwarai, bai wuce nanomita ɗaya da ɗan ɗori ba. Trastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998 domin nau'in sankarar da ke da furotin HER2 da yawa, antibodi ne, wato furotin irin na garkuwar jiki, ya fi doxorubicin nauyi fiye da sau 250, faɗinsa kimanin nanomita 10. Akwai kuma doxorubicin da ake ƙunshewa a cikin 'yan ƙwallayen kitse don rage illarsa ga zuciya, su kuma sun kusan nanomita 100. Ramukan da ke tsakanin zaren da ya cushe ƙanana ne. Ƙaramin magani yakan kutsa, babba ya maƙale a kusa da jijiya. Ku lura da abin takaicin: da yawa daga cikin sababbin magunguna masu tsada, waɗanda aka ƙera don su nemi ƙwayar sankara ita kaɗai, su ne suka fi girma, su ne kuma tabo ya fi tarewa.

To, a ce maganin ya isa. Har yanzu da saura. Ƙwayar da ta kama zare mai tauri da intagirin tana samun saƙon da ke hana ta mutuwa, ko da maganin ya ji mata ciwo. Faiburobilas ɗin da ke kewaye kuma suna fitar da sinadaran da ke raya ta. Tun 2005 Akira Orimo, a ɗakin binciken Robert Weinberg, ya ciro faiburobilas daga ƙarin maman mata ya gauraya su da ƙwayoyin sankara a jikin ɓeraye, ƙarin ya fi saurin girma a kan wanda aka gauraya da lafiyayyun faiburobilas, kuma ya gano wani sinadarin saƙo mai suna CXCL12 yana cikin masu laifi. A 2018 masu bincike a Guangzhou ta ƙasar Sin suka ware wani rukunin faiburobilas da ke yawaita a ƙarin matan da kemo bai yi musu aiki ba.

Garkuwar jiki ma wannan shingen take tararwa. Sababbin magungunan da ke zaburar da ƙwayoyin garkuwar jiki masu suna T su yaƙi sankara ba su da amfani idan ƙwayoyin T ba su shiga ba, kuma a ƙari da yawa akan gan su jibge a gefe, zare ya tsare su. A 2021 ƙungiyar Rong Li a Jami'ar George Washington ta nuna cewa ƙwayoyin sankarar mama suna sakin wani furotin mai suna DDR1 da ke jera zaren kolajin ya zama katanga. Da aka toshe shi da antibodi a ɓeraye, jerin ya wargaje, ƙwayoyin T suka shiga.

Da aka gwada rushewa

Wanda ya ji wannan duka zai ce, to a rushe tabon mana. An gwada, kuma abin da ya biyo baya ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya san shi. Mafi yawan gwajin a sankarar fankiriyas aka yi, gaɓar nan da ke samar da insulin, domin ƙarinta ya fi kowanne tabo.

A 2009 Kenneth Olive da David Tuveson, a Kambirij ta Ingila, suka ba ɓeraye wani magani mai toshe hanyar saƙon da ake kira Hedgehog, wadda ƙwayoyin sankara ke kiran faiburobilas da ita. Tabo ya ragu, jijiyoyin jini suka ƙaru, kemo ya shiga, ɓerayen suka ƙara kwana. Aka kai maganin ga mutane. A farkon 2012 aka dakatar da gwajin, domin waɗanda aka ba shi sun fi waɗanda ba a ba ba saurin mutuwa. A 2014 rahotanni biyu suka bayyana dalili. A ɗayansu, ƙungiyar Raghu Kalluri a cibiyar MD Anderson da ke Houston ta kashe faiburobilas masu tsukewa a jikin ɓeraye, sai ƙarin ya ƙara muni, ya fi yaɗuwa, ɓerayen suka mutu da wuri. Garin neman gira an rasa ido. Ashe wani ɓangare na tabon ƙoƙarin jiki ne na killace cutar.

Ba shi ke nan ba. Wani enzayim mai narkar da hayaluronan, PEGPH20, ya kai har babban gwaji na mataki na uku, a 2019 aka sanar cewa bai ƙara wa kowa kwana ba: wata 11.2 ga waɗanda aka ba, wata 11.5 ga waɗanda ba a ba ba. Simtuzumab, antibodin da aka yi don toshe wani ɗan'uwan LOX, shi ma bai yi nasara ba a sankarar fankiriyas da ta hanji. A sankarar mama kanta, marimastat, mai hana enzayim ɗin da ke yanka zare aiki, bai hana cutar ci gaba ba a gwajin da aka ba da rahotonsa a 2004, sai ciwon gaɓoɓi da ya jawo wa matan.

Wani abin da ya ƙara haske shi ne gano cewa faiburobilas ba iri ɗaya ba ne. A 2018 ƙungiyar Fatima Mechta-Grigoriou a Cibiyar Curie ta birnin Faris ta rarrabe su gida huɗu a ƙarin maman mata, ta nuna gida ɗaya ne ya fi danne garkuwar jiki, ta hanyar janyo wasu ƙwayoyin T da aikinsu kwantar da yaƙi. Maganin da ke share su duka ya haɗa mai taimakon cuta da mai tare ta.

Sassautawa maimakon rushewa

Daga nan tunani ya sauya. Ba a neman kawar da tabo, ana neman a sassauta shi daidai yadda jijiyoyi za su buɗe, a mai da faiburobilas halinsu na dā. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da abin da muka sani game da jiki, kuma abin sha'awa shi ne da yawa daga magungunan da ake gwadawa tsofaffi ne da aka san halinsu.

Losartan maganin hawan jini ne. Yana toshe wurin da sinadarin anjiyotensin ke kamawa, likitocin zuciya da ƙoda kuma sun daɗe da lura cewa yana rage tabo a waɗannan gaɓoɓin, saboda yana rage aikin TGF-beta. A 2011 ɗakin binciken Jain ya nuna yana rage kolajin a ƙari, har ƙwallayen doxorubicin su ƙara nitsewa ciki. A 2013 Vikash Chauhan da abokansa suka nuna a ɓeraye masu sankarar mama da ta fankiriyas cewa yana rage kolajin da hayaluronan tare, matsi ya sauka, jijiyoyin da suka rufe su buɗe, oksijin da kemo su ƙaru a ciki. Losartan ba ya kashe ƙwayar sankara, hanya yake buɗe wa mai kashewa. A 2019 aka ba da rahoton gwajinsa tare da kemo da gashi a mutum 49 masu sankarar fankiriyas da ta fi ƙarfin tiyata, daga baya aka iya cire ƙarin tsaf a 30 daga cikinsu. Sakamako ne mai ƙarfafa guiwa, amma babu rukunin da ba a ba losartan ba da za a kwatanta da shi, don haka ba za a ce shi ne ya yi aikin ba.

Pirfenidone, maganin tabon huhu, an haɗa shi da doxorubicin a ɓeraye masu sankarar mama a ɗakin binciken Zena Werb a San Francisco, ya rage girman ƙarin da yaɗuwarsa zuwa huhu, Stylianopoulos ma ya sami irin wannan a Jami'ar Saifurus. Plerixafor, wanda ke toshe wurin da CXCL12 ke kamawa, an nuna a 2019 yana rage tabo a sankarar maman da ta yaɗu a ɓeraye, ya bar ƙwayoyin T su shiga. Hedgehog ɗin nan da ya ba da kunya a fankiriyas, masu bincike a Cibiyar Garvan ta Sidni a Ostireliya sun sake duba shi a sankarar mama, suka haɗa sonidegib mai toshe shi da maganin kemo docetaxel, aka gwada a mata 12 a Sifaniya, uku suka amfana, ƙarin ɗaya ya ɓace gaba ɗaya. Mata 12 ba su isa a kafa hujja ba, amma sun isa su nuna cewa abin da ya faru a gaɓa ɗaya ba dole ya faru a wata ba. Toshe TGF-beta kai tsaye kuwa yana da wahala, domin a farkon cuta shi ne ke hana ƙwayoyi hayayyafa barkatai, kuma zuciya da fata suna buƙatarsa.

Ina so ku auna waɗannan duka da ma'auni ɗaya: kusan dukkansu a ɓeraye ne. Ƙarin ɓera a 'yan makonni yake girma, na mace kuwa shekaru yake ɗauka yana saƙa zare. Ku tuna metformin, maganin ciwon sukari, wanda ya yi kyau a ɗakin gwaji har aka sa masa rai. Da aka gwada shi a mata 3,649 masu sankarar mama, rahoton 2022 ya nuna bai hana cutar dawowa ba. Zuwa yanzu rage tabo bai shiga cikin tsayayyen maganin sankarar mama ba, yana matakin bincike ne. Akwai kuma tambayoyin da dole gwaji ya amsa. Jijiyar da ta buɗe wa magani ta buɗe wa abinci da oksijin, tana kuma iya zama mafitar ƙwayar sankara, saboda haka dole mai sassautawa ya tafi tare da mai kashewa, a lokacin da ya dace, da adadin da ya dace.

Inda abin ya shafe mu

Nau'in nan mai wuyar magani da na ambata shi ne wanda ba shi da makamar sinadaran mata guda biyu, istirojin da furojestaron, ba shi kuma da HER2. Tamoxifen ba ya kama shi, trastuzumab ba ya kama shi, kemo ne babban abin dogaro. Binciken da Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ta jagoranta a kan naman mata daga Najeriya da Senegal, wanda ya fito a 2009, ya nuna wannan nau'in ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma a kan matan Turai. Ga shi kuma yawancin matanmu ba sa zuwa asibiti sai ƙarin ya girma ya kafe, lokacin da tabo ya gama ginuwa, tsakiyarsa ta rasa jini. Idan wani magani mai araha zai ƙara wa kemo ƙarfi, matanmu suna cikin waɗanda za su fi amfana, amma ƙalilan ne daga cikin gwaje-gwajen magungunan sankara ake yi a Afirka.

Dole in ja kunne a nan, domin losartan yana nan a kemis ɗin unguwa. Kada wata ta ji wannan darasin ta saya ta sha, kada kuma wani ya saya wa mahaifiyarsa ko matarsa. Yana saukar da jini ga mai jinyar da kemo ya riga ya sa ta amai da rashin ruwa, yana iya taɓa ƙoda, yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, kuma yana cutar da ɗan tayi. Matsa kullutu, ko gasa shi da ruwan zafi, ko shafa masa magani don ya yi laushi, ba ya taɓa zaren da muke magana a kai, ɓata lokaci ne da cutar ke amfana da shi.

Saura tambayar wace mace ce za a ba irin wannan maganin idan ya tabbata, tunda ba kowane ƙari ne mai yawan tabo ba. Akwai na'urar sikanin da ke auna tauri, ta tura 'yar girgiza cikin nama ta auna saurin tafiyarta, domin girgiza ta fi gudu a nama mai tauri, kuma an ga ƙari mai tsananin tauri ya fi ƙin jin kemon da ake bayarwa kafin tiyata. A Heidelberg ta Jamus an ƙirƙiro wani hoton da ke haska faiburobilas masu aiki a duk inda suke a jiki. Waɗannan suna buƙatar kayan aiki masu tsada. Ma'aunin Leiden kuwa ba ya buƙatar komai sai yankin naman da aka saba rinawa da madubin likita: a nemi wurin da tabo ya fi yawa a kan gilashin, a ƙiyasta ko ya haura rabi. Ɗakunan binciken nama na asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da waɗannan gilasan a ajiye. Wanda duk a cikinku zai karanci wannan fanni yana iya ɗaukarsu, ya auna tabon kowanne, ya haɗa da bayanan yadda kowace mace ta ji kemo, ya gano ko abin da aka gani a matan Holan haka yake a matanmu.